Me Ya Sa Injiniya Ba Ya Amfani da Duk Ƙarfin Rodi? Bayani Kan Iyakar Takura a Gini

Yawanci a wannan shafi waya da kwamfuta da manhajoji muke taɓawa, amma yau ƙarfe da kankare za mu shiga. Akwai wata lamba guda da ke riƙe da rufin da ke kanka, da gadar da kake bi, da dogon ƙarfen sabis da wayarka ke magana da shi, har da murfin ita kanta wayar. Lambar ita ce iyakar takurar da injiniya ya yarda a ɗora wa abu. Abin da ya ja hankalina gare ta shi ne, ba ita ce inda ƙarfe ke karyewa ba. Tana can ƙasa sosai, wani lokacin ko rabin hanya ba ta kai ba. To me ake yi da ragowar ƙarfin, kuma wa ke da ikon taɓa shi?

Mu fara da ita kanta takurar. Idan ka rataya kaya a jikin rodi, nauyin yana rarrabuwa a kan faɗin yankan rodin, wato wannan da'irar da kake gani idan an datse shi. Takura ita ce ƙarfin da aka ɗora, a raba shi da wannan faɗin. Ana auna ta da megafaskal, kuma megafaskal ɗaya daidai yake da niyuton ɗaya a kan kowane murabba'in milimita. Rodi mai kaurin milimita 12 faɗin yankansa kusan murabba'in milimita 113 ne. Ka rataya masa tan ɗaya, wato kusan niyuton 9,810, takurar da ke cikinsa za ta zama megafaskal 87. Ka ɗora wannan tan ɗin a kan rodi mai milimita 8, wanda faɗinsa 50 ne kacal, takurar ta haura zuwa 195. Kaya bai canza ba, wahalar da ƙarfen ke sha ce ta ninka har da ɗoriya. Shi ya sa injiniya ba ya tsayawa a kan tambayar nauyin kaya nawa ne, sai ya ji a kan me za a ɗora shi.

Daga miƙewa zuwa sarewa

Ɗauki cokalin ƙarfe ka ɗan lanƙwasa shi kaɗan ka saki, zai koma yadda yake. Ƙara ƙarfi ka wuce wani mataki, ka saki, ya zauna a karkace ke nan. Duk bayanin yau a tsakanin waɗannan biyun yake.

A matakin farko ƙarfe yana aiki kamar sifirin na cikin biro. Ka ninka nauyi, miƙewar ta ninka, ka sauke nauyin, ya koma. Robert Hooke na Ingila ne ya wallafa wannan doka a 1678. Miƙewar ƙanƙanuwa ce ƙwarai: rodinmu mai milimita 12, idan tsawonsa mita ɗaya ne, tan ɗaya zai ƙara masa tsawon da bai kai rabin milimita ba. Ido ba ya gani, amma tana nan. Kowane gini da ka sani yana motsawa haka dare da rana, yana miƙewa yana komawa.

Mataki na biyu yana farawa ne a wurin da zan kira gaɓar sarewa, domin a nan ƙarfe ke sarewa, ya daina komawa. Ƙarfen gini na gama-gari, irin wanda a Amurka ake kira A36, yana sarewa a megafaskal 250. Rodin kankare mai zane a jiki ana sa ran ya kai 460 ko 500, gwargwadon ƙa'idar da aka bi. Sarewa ba tsinkewa ba ce. Shi A36 sai takura ta kai 400 ko fiye kafin ya tsinke, kuma kafin nan zai yi ta jawuwa kamar cingam. Wannan hali alheri ne, domin yana ba da gargaɗi: bim ya lotsa, bango ya tsage, mutane su samu lokacin fita. Gilas da tukunyar ƙasa ba su da wannan ladabin.

Masu bin labarin waya za su tuna abin da ya faru da iPhone 6 Plus a 2014, lokacin da mutane suka riƙa nuna wayoyinsu sun lanƙwashe a aljihu. Kowace waya tana ɗan lanƙwasawa idan ka zauna da ita. Matsalar ita ce a wasu wuraren jikin wannan wayar takurar ta wuce gaɓar sarewa, sai ta ƙi komawa. Da iPhone 6s ta fito a 2015, Apple ya koma amfani da alminiyom na jerin 7000. Ga abin sha'awar: sabon alminiyom ɗin bai fi tsohon taurin lanƙwasuwa da wani abin kirki ba, dukkansu kusan iri ɗaya suke miƙewa a ƙarƙashin nauyi guda. Abin da ya fi shi da shi shi ne nisan da yake kaiwa kafin ya sare. Haka abin yake a ƙarfen gini. Mai tsada da mai araha kusan miƙewa ɗaya suke yi, bambancin yana wurin da kowanne ke sarewa. Riƙe wannan, zai dawo mana.

Lissafin mai sauƙi ne

Tsarin da muke magana a kai ya ce: a lissafa takurar da kayan yau da kullum za su jawo, a tabbata ta tsaya can ƙasa da gaɓar sarewa, yadda ginin zai ƙare rayuwarsa a matakin sifirin. Ana danganta tushen wannan tunani da injiniyan Faransa Claude-Louis Navier da darussansa da aka buga a 1826. Kafin nan an fi damuwa da nauyin da zai karya abu. Shi ya karkato da hankali zuwa ga halin da abu ke ciki tun yana lafiya.

Ana samun iyakar ne ta hanyar raba gaɓar sarewa da wata lamba da zan kira ninkin kariya. A tsohuwar ƙa'idar ginin ƙarfe ta Amurka, ƙarfen da ake ja ba a yarda takurarsa ta wuce kashi 60 cikin 100 na gaɓar sarewa ba, wato ninkin kariya 1.67. Ga ƙarfe mai 250, iyakar ta zama 150. Mu koma kan rodinmu mai milimita 12, a ce da irin wannan ƙarfen aka yi shi. Zai tsinke a wajen tan 4.6. Zai sare a wajen tan 2.9. Amma injiniya ba zai sa hannu a kan fiye da tan 1.7 ba.

A nan ne mai gini ke fara jin kamar ana cutarsa. Ya sayi ƙarfin tan kusan uku, an ce ya yi amfani da ɗaya da ɗoriya. Kuma akwai magina da za su gaya masa, da gaskiyarsu, cewa sun sha rage rodi kuma ginin yana tsaye har yau.

Wannan rara ba kyauta ba ce da aka ajiye. Kuɗin jahilci ne, ina nufin abubuwan da babu wanda ya san su a ranar da ake zane. Ƙarfen da ya fito daga masana'anta ba ya zama iri ɗaya daga wannan narki zuwa wancan. Walda tana barin takura a cikin ƙarfe tun kafin a ɗora masa komai. Tsatsa za ta ci wani abu cikin shekaru. Lissafin kansa an sauƙaƙa shi, ana ɗauka mahaɗa tana juyawa sumul ko kuma ta kafe gam, alhali a zahiri tana tsakiya. Sannan babu wanda ya san me mai gida zai ɗora a sama bayan shekara goma.

Bari mu ga yadda rarar ke ƙarewa, da lambobin misali. A ce an sayo rodi da sunan milimita 12, amma da za a sa ma'auni 11 ne. Milimita ɗaya kawai, sai dai faɗin yanka ya sauka daga 113 zuwa 95, an yi asarar kashi 16 cikin 100. A ce kuma ƙarfen ya gaza abin da aka rubuta da kashi 10. A ce mai gida ya ƙara kaya da kashi 20. Ninka su ka gani: 1.67 sau 0.84, sau 0.9, a raba da 1.2. Abin da ya rage 1.05 ne. Mutum uku, kowanne ya ɗan taɓa kaɗan, kowanne yana cewa a ransa ai injiniyoyi suna barin rara. Gaskiya ne suna bari, amma guda ɗaya ce, kuma babu wanda ya gaya wa ɗan'uwansa ya riga ya ciri nasa. Ginin zai tsaya, za a yi walima, a tare. Babu alamar da za ta nuna cewa tsakaninsa da sarewa saura kashi 5.

Girman ninkin kariya yana bin girman abin da ba a sani ba da kuma munin abin da zai faru. Igiyoyin lif a ƙa'idar Turai ana neman ninki 12 idan sun kai uku ko fiye, domin suna gogewa suna lanƙwasawa kullum, kuma mutane ne a ciki. Tukwanen da ke riƙe iska ko tururi mai matsi, a sananniyar ƙa'idar Amurka, ninki 3.5 ake bari a kan ƙarfin tsinkewa. Jirgin sama kuwa 1.5 ne kawai a kan mafi girman nauyin da ake tsammanin zai gamu da shi. Da farko abin kamar an juya shi, amma masu ƙera jirgi suna auna kowane ƙusa, suna lanƙwasa fiffike na gaske a gwaji, suna duba jirgin a kai a kai har ya tsufa. Sun sayi ƙaramar lamba da sani mai yawa. Wanda ke zuba dekin da kankaren da aka kwaɓa da shebur, ruwa kuma da ƙiyasin ido, bai biya wannan kuɗin ba.

Ginshiƙi ba ya jiran sarewa

Duk abin da na faɗa a sama ya fi dacewa da ƙarfen da ake ja. Wanda ake dannewa labarinsa daban ne. Tsayar da rula ta roba a kan tebur ka danna ta daga sama. Ba za ta murƙushe ba, za ta tanƙware gefe farat ɗaya. Leonhard Euler ya fitar da lissafin wannan tun 1744, kuma abin da ya nuna yana da ban tsoro: idan ka ninka tsawon siririn ginshiƙi, nauyin da zai iya ɗauka yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Kuma ka tuna abin da muka ce a riƙe. Wannan tanƙwarewar ba ruwanta da gaɓar sarewa, taurin miƙewa da siffar ƙarfen take bi. Sayen ƙarfe mai tsada ba zai ceci siririn ginshiƙi ba. Abin da ke cetonsa shi ne kauri, ko siffa mai faɗi irin ta bututu, ko ƙarafan gicciye da ke rage tsawon da yake tsaye shi kaɗai. Idan ka ga mai walda ya ƙara wa ƙafafun hasumiyar tanki tsawo bai ƙara gicciye ba, wannan lissafin yake wasa da shi. Saboda haka iyakar takura ga ginshiƙi ba lamba ɗaya ba ce, tana raguwa yayin da sirantarsa ke ƙaruwa.

Babu inda waɗannan abubuwa suka haɗu kamar a Gadar Kebek ta Kanada, a kan Kogin Sen Lorans. Babban injiniyan da ke sa ido a kan aikin, Theodore Cooper, yana cikin fitattun masana gada a Amurka a lokacin. Shi ya ba da shawarar a ƙara tazarar tsakiyar gadar daga ƙafa 1,600 zuwa 1,800, wato mita 549, abin da zai sa ta zarce Gadar Forth ta Sikotilan. Akwai dalili na aiki, domin matsar da ginshiƙan zuwa kusa da gaɓa zai rage wahalar gini a ruwa mai zurfi da ƙanƙara. Amma kamfanin da ke da aikin yana fama da ƙarancin kuɗi, kuma hanya mafi sauƙi ta rage ƙarfe ita ce a ɗaga iyakar takura. Cooper ya amince da iyakar da ta fi wadda aka saba, kusan megafaskal 145 a yanayin yau da kullum da 165 a yanayi mai tsanani. Wani injiniyan gwamnatin Kanada ya nuna damuwa a kan lambobin, ba a bi ta kansa ba. An ciri kaso na farko ke nan.

Na biyu ya fi muni. Da aka ƙara tsawon, ba a sake lissafa nauyin ita kanta gadar yadda ya kamata ba. Kamfanin Phoenix Bridge Company ya ci gaba da zane a kan ƙiyasin farko. A doguwar gada irin wannan, nauyin kanta ne mafi yawan abin da take ɗauka, ba jirgin ƙasan da zai bi ta kai ba. Sai a 1906 aka lura cewa ƙarfen ya fi ƙiyasi nauyi, lokacin an riga an ƙera mai yawa, an ma kafa wani. Cooper ya ƙiyasta cewa takurar za ta ƙaru da kashi 7 zuwa 10 cikin 100, ya ce za a iya jurewa. Ƙari a kan iyakar da tun asali an ɗaga ta.

Na ukun yana cikin manyan ƙarafan ƙasa da ake dannewa. Kowanne an haɗa shi ne da faffaɗan farantai da aka ɗaure da ƙananan ƙarafan gicciye, kuma gicciyen sun yi rauni, ba za su iya sa farantan su yi aiki a matsayin abu guda ba. A watan Agusta na 1907 matashin injiniyan da ke wurin, Norman McLure, ya riƙa ba da rahoton cewa wasu daga cikinsu suna karkacewa, kuma karkacewar tana ƙaruwa. Cooper yana New York, ba shi da cikakkiyar lafiya, da ƙyar yake zuwa wurin aikin. An ɓata kwanaki ana muhawara ko daga masana'anta suka zo a haka. Ranar 29 ga Agusta McLure ya same shi, aka aika saƙon waya cewa kada a ƙara nauyi. Saƙon bai kai ga tsayar da aiki ba. Da yammacin ranar ɓangaren kudu ya rufta cikin daƙiƙa kusan 15. Ma'aikata 75 suka mutu, 33 daga cikinsu 'yan ƙabilar Mohawk ne daga Kahnawake. Gadar da aka gina a madadinta, mai tazara iri ɗaya, ta ci ƙarfe kusan ninki biyu da rabi. Ita ma ta ci rayuka 13 a 1916 lokacin da tsakiyarta ta suɓuce ana ɗagawa, amma an kammala ta a 1917 kuma tana aiki har yau.

A ganina Cooper bai yi wani abu da ya sha bamban da abin da muka lissafa da rodi ba. Kowane mataki da ya ɗauka yana da hujja idan aka dube shi shi kaɗai.

Inda tsarin ya gaza

Babban aibin wannan tsari shi ne lamba ɗaya yake amfani da ita ga jahilci iri-iri. Nauyin kankaren dekin ana iya lissafa shi kusan daidai. Nauyin taron biki ko iskar farkon damina ba haka ba ne. Bai kamata a ba su rara iri ɗaya ba. Shi ya sa aka koma tsarin da ke ba kowane nau'in kaya ninkinsa, kowane kayan gini ma nasa. A Ingila kankare ya koma wannan tsarin da CP 110 a 1972, sannan BS 8110 a 1985, wadda injiniyoyin Najeriya da yawa suka yi karatu kuma suke aiki da ita. A cikinta nauyin gini na dindindin ana ninka shi da 1.4, kayan da ke shiga suna fita da 1.6. Ƙa'idojin Turai na yanzu 1.35 da 1.5 suke amfani da su. Amurka ta kawo nata na ƙarfe a 1986, sai dai injiniyoyi da yawa suka ƙi sakin tsohon, har a 2005 aka haɗa biyun a littafi ɗaya.

Duk da haka tsohon tunanin bai mutu ba. Da shi ake zana tukwanen matsi da bututu, da shi ake faɗin nauyin da ƙasa za ta ɗauka a ƙarƙashin harsashin gini, kuma ko a sabon tsarin sai an koma lissafin matakin sifirin idan za a duba lotsawa da tsagewa. Akwai kuma gajiyar ƙarfe, inda abin da ake lanƙwasawa ana saki sau miliyoyi yake tsagewa a takurar da ba ta ko kusanci sarewa ba. August Wöhler ya yi nazarin wannan a kan sandunan ƙarfen da ke haɗa ƙafafun jirgin ƙasa a Jamus tun ƙarni na 19. Wayar cajarka da ke tsinkewa kullum a wuya ɗaya ƙanwar wannan matsalar ce.

Yau kusan duk lissafin nan manhaja ke yin sa, irin su STAAD.Pro da SAP2000. A ƙarshe takan ba ka lamba ga kowane ƙarfe: takurar da ke ciki a raba da wadda aka yarda. Ƙasa da 1 ya wuce, sama da 1 ya faɗi. Mu masu rubuta manhaja mun san abin da launin kore ke yi wa zuciya, kuma mun san cewa gwaji yana iya wucewa alhali tambayar da aka yi masa ce ba daidai ba. A Nowe, ranar 23 ga Agusta 1991, gindin kankare na dandalin haƙo mai da iskar gas na Sleipner A ya nutse a kusa da Stavanger ana cikin gwajin cika shi da ruwa. Bincike ya nuna cewa yadda aka yayyanka tsarin a kwamfuta ya sa lissafi ya rage takurar da ke wata mahaɗa da kusan kashi 47 cikin 100, sai aka yi bango da rodin wurin ƙasa da buƙata. Ba a rasa rai ba, amma asarar ta kai wajen dala miliyan 700. Manhajar ta yi aikinta, ta raba lambar da aka ba ta da iyakar da aka ba ta.

Idan kana gini, ko kana shirin ɗora wani abu a kan wanda aka gama, akwai tambayoyin da kake da haƙƙin yi wa injiniyanka. Wace gaɓar sarewa ya ɗauka a lissafi, kuma an kai samfurin rodin da aka sayo ɗakin gwaji an ja shi an gani? An sa ma'auni a kaurinsa? Wane kaya ya ɗauka za a ɗora a sama? Wannan ta ƙarshen ta fi shafar masu karanta wannan shafi, domin mu ne masu ƙara batiran sola da faranti da tanki bayan an gama komai. A ƙa'idar Ingila, daɓen gidan zama ana lissafa masa kayan da suka kai kusan kilo 150 a kan kowane murabba'in mita. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Tanki mai lita 2,000 tan biyu ke nan, kuma idan gindinsa murabba'in mita ɗaya da rabi ne, yana danna wurin da fiye da kilo 1,300 a kowane murabba'in mita, kusan ninki tara na abin da aka lissafa. Irin wannan kaya a saitin fila ko bim ake aza shi, ba a tsakiyar dekin ba, kuma sai wanda ya zana ginin ya duba ya ce a aza.